Daga Zariya zuwa Unguwar Sarki da kwamfuta a buɗe

Mun tashi daga Zariya a motar haya bayan sallar asuba, ni da yayana, kwamfutata a buɗe a kan cinyata. Kwana goma sha ɗaya ke nan tana lissafi guda: ko titaniyam dayoksaid, farin garin nan da ake sa wa fenti, zai zama maganaɗisu idan aka cusa masa ƙwayoyin ƙarfen kobal. Ban taɓa riƙe garin a hannu ba, duk binciken digirina na biyu a cikin na'urar yake. Sai taransifomar unguwarmu ta ƙone. A tunanina, kwamfutar na mutuwa sai na faro daga farko, ga shi ranar Litinin za a rufe karɓar kundi, wanda ya makara sai baɗi. Gidan gwaggona a Kaduna kuwa akwai sola.

Na biya kuɗin kujera biyu a gaba don kada a bige mini hannu. Duk ramin da muka faɗa sai na ƙara riƙe ta gam. Direba, wani Bakatsine mai son hira, ya ce, "Hajiya, ki rufe ta mana ta huta." Na ce in na rufe barci za ta yi. Ya ce shi ma tun jiya abin da yake nema ke nan. Kowa ya yi dariya ban da ni.

A Mararrabar Jos ya tsaya sayen ƙosai, cajin kwamfutar ya koma kashi ashirin. Wallahi kamar in shaƙe shi. A Kawo muka tarar da cunkoso, muka shiga keke, ina rungume da ita ina salati. Saura kashi uku muka isa Unguwar Sarki. Ko gaisuwa ban yi ba na wuce wajen soket, gwaggo tana cewa, "Ikon Allah, yau wuta aka zo gaisarwa."

Kwana biyu na yi ina gadinta. Lissafi ya kammala, maganaɗisu ya bayyana, har na yi hawaye.

Da muka dawo Zariya na kai wa malamin da ke duba aikina sakamakon, ina ba shi labari da alfahari. Ya saurare ni tsaf, sannan ya nuna mini wani fayil da ke ajiye lissafin a duk inda ya tsaya. Ashe ko ta mutu, daga nan zan ci gaba.

"Me ya hana ki tambaye ni?"

Na yi tafiyar Kaduna da rai a hannu ne kawai don kada ya ce ban sani ba.