Shanun da Wutar Hanya ke Jira

Jama'a, abin nan da zan ba ku ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi da rana tsaka, Allah ne shaidata. Ni Kirista ne, mu a majami'armu ba a son yawan rantsuwa, amma kan wannan kam na sha rantsewa, don in ban rantse ba dariya ake mani.

A Tasawa ne, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, shekarar da damina ta yaudare mu gero ya bushe a tsaye. Na baro ƙauyenmu na wajen Baudeta da mata da ɗiya da tsohuwata, rumbu ba ko zangarniya, sai wani ɗan'uwa ya samo mani aiki wurin wani kamfani da ya kafa wutar ba da hannu, wadda muke ce ma fe-ruj, a wata mararraba bakin gari, inda mai fitowa daga Maraɗi ke karya hagu ya kama hanyar Urafan. Wurin nan ya ci mutane, don in za ka karya sai ka gitta gaban kamiyo, manyan motocin kayan nan da ke zuwa daga Damagaram, su ko birkinsu sai a hankali. Aikin nan shi kaɗai ne tsakanin gidana da yunwa, ku riƙe wannan.

Mai kula da wutar, Shef Laminu, shi ya nuna mani yadda take. Akwai waya binne cikin kwalta a layin masu karya hagu. Mota ta tsaya bisanta, wayar ta ji ƙarfe, sai ta tsai da na Damagaram da jar wuta, ta kunna ma mai karyawa koriyar kibiya, in motocin sun ƙare ta mutu da kanta. To amma ƙarfe kawai take ji. Amalanken jaki, raƙumi, mutum, ko ya kwana a nan ba ta san da shi ba. Shi ya sa aka aje ni gindin akwatin wutar, in goge allon rana mai ba ta lantarki, in duba batir, in amalanke ya zo in danna maɓalli ɗaya in ba shi hanya, in danna ɗayan in kashe.

Ana haka sai ga Baffa Juli. Wani tsohon Bafillace ne da duk kasuwar Tasawa ta san shi, ta kuma san shanunshi sun ƙare ƙaf a farin nan, ko maraƙi bai tsira da shi ba. Wajen azahar ya zo, sanda a kafaɗa, ya shiga layin hagu ya tsaya kamar wani mai mota, shina 'yan kiraye-kirayen nan nasu da baki. Na miƙa hannu zan danna mashi saboda girma, kafin yatsana ya kai, kibiya ta kama. Na ce to, ko na taɓa ban sani ba. Ya ƙetare abinshi ya miƙe arewa bai waiwayo ba, kun dai san Fulanin daji, makiyayi ke gaba, shanu na biye. Amma kibiyar ba ta mutu ba. Hanya fayau ba ko kaza, direbobi na ta oda, ita ko tana nan kore, har sai da aka yi kamar tsawon wucewar babban garke, sannan ta mutu.

Washegari haka, jibi haka. Na shiga ruɗu. Na ce ko sandar tashi na da ƙarfe, na roƙe shi na duba, itace ce zalla. Na tambaye shi, ya dube ni kamar ni ne mai taɓin, ya ce ai rijiya yake kai su, ya wuce. Shef ya ce zafi ne ke dama na'urar, ya tona kwalta ya sake waya, ya sake batir, banza. Na gaya ma fasto, ya ce in yi addu'a in rage zama cikin rana. Matata kuwa cewa ta yi in kama bakina in ci tuwona, wutar gwamnati ba gadon ubana ba ce. Gaskiyarta.

Matsalar, lokacin motocin hatsin agaji ke wucewa, wani sa'in da soja bisa, kuma soja ba ya son a tsai da shi a kan hanyar da ba kowa. Ƙara ta kai ga Shef, ya zo da ranshi a ɓace ya ce daga yau tsohon nan na ƙetarewa in kashe kibiyar, in ba zan iya ba akwai masu jiran kujerata.

Ran nan ya tsaya a kaina da kanshi. Baffa Juli ya zo, kibiya ta kama, ya ƙetare. Wata kamiyo maƙare da buhuna na tsaye a jar wuta tana huci. Shef ya ce danna. Wallahi ni ban ga komai bisa kwaltar nan ba, ban ji kuka ba, ban ga ƙura ba, kuma na san abin da zan rasa, na tuna ɗiyana, amma hannuna ya ƙi. Ba jarumta ba ce, ni kaina ban san me ya riƙe ni ba, sai dai hancina na jin warin nan na shanu in sun sha rana. Ya sake faɗi, ban danna ba. Ya ture ni ya danna.

Kamiyon ta taso da fushi, tana kai tsakiyar mararraba sai muka ji dum! kamar ta daki katanga. Ta tsaya cak, gabanta ya lotsa, ruwan inji na zuba. Direba ya diro shina salati, ya leƙa ƙasa, ya zagaya, babu komai, ba jini ba gashi.

Sai ga tsohon nan a guje, shina kiran wani suna da Fillanci, ya durƙusa gaban motar ya ɗora hannu bisa iska, kuma hannun ya zauna, kamar yadda hannu ke zama bisa wuyan dabba. Ya ɗago ya dube ni, hawaye har gemu.

"Ɗana, wuƙa. Yi sauri kada ta yi mushe."

Ina da 'yar wuƙa da nake kankare kan batir, ban san lokacin da na miƙa mashi ba. Ya juya gabas, ya yi bisimilla, ya ja ta cikin iska, ya ɗan jira, ya miƙo mani. A bushe take ƙarau, na duba gaba da baya. Amma kafin in mai da ita aljihu ƙudaje sun rufe ta baƙi ƙirin, na kore su suka dawo. Na jefar da ita nan.

Shef ya riga ya furta kora gaban mutane, kuma dole a samu wanda za a ɗora ma ɓarnar motar, ya ce gobe in kawo makullin akwati. Na kawo wajen azahar. Baffa Juli ya zo, bai dubi kowa ba, kibiya ta kama, ya wuce. Ni da na saba da tsawonta kamar numfashina na tsaya ina jira, sai ta mutu kafin lokacinta da ɗan kaɗan, kamar abin da saniya guda za ta ɗauka ta ƙetare. Nan na zauna bakin kwalta.

Mun sha wuya shekarar nan, tsohuwata ba ta ga damina ba, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba. Ku dai masu tuƙi, in wuta ta tsai da ku kuka ga hanya ba kowa, ku bar oda, ku jira ta gama.