Kofin da Ya Ajiye wa Matarsa

Tafiyar jirgin ruwan nan ba ni na nema ba, 'yarmu ta fari ce ta shirya komai. Ita ma'aikaciyar jinya ce, a nan Jidda aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Wata Juma'a ta zo gidanmu a unguwar Mahjar da yaranta, muka ci abinci, sai da babanta ya shiga ɗaki ya kishingiɗa sannan ta biyo ni kicin.

"Ummi, na yanka muku tikitin jirgin ruwa, ke da Abuya. 'Yan kwanaki ne a kan Bahar Maliya ku dawo. Halas, an gama, kar ki ce komai."

Na ce wa zai tsare mini rumfa? Atamfa da leshi da turaren wuta nake sayarwa kusa da kasuwar Bab Makka, ga shi 'yan Umara sun fara cika gari. Ta ce kayan za su jira ni. Sai ta rage murya ta ce, "Ku tafi yanzu, ya Ummi, tun yana iya jin daɗin abin."

Na san abin da take nufi. Malam, haka nake kiran mijina tun aurenmu, ya shafe shekaru yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a unguwar masana'antu. Bai daɗe da ajiye aiki ba mantuwa ta fara masa. Da farko dariya muke yi. Sai ya dawo daga masallaci ya tambaye ni ko an kira Azahar. Dariyar ta ƙare ranar da ya fita sayo burodi a bakin layi, wani maƙwabcinmu ɗan Yaman ya dawo mana da shi daga can babban titi, burodin ya huce a hannunsa. Likita ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, ya faɗa wa 'yarmu sunan ciwon da Larabci. Ni abin da na riƙe shi ne ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa.

Jirgin ya kai girman unguwa guda, bene a kan bene. Malam ya sa farar jallabiyarsa da hular da ya fi so, ya tsaya a bakin ƙarfe yana nuna mini injinan da ke ɗaga kwantena a tashar, yana gaya mini wanne ya fi wuyar sarrafawa. Ranar farko ko sau ɗaya bai ruɗe ba. Ya je masallacin jirgin shi kaɗai, ya dawo ɗakinmu bai ɓata ba. Na kira 'yarmu na ce mata iskar teku ta karɓi babanta. Har na fara tunanin ko likitan ne ya cika tsoratarwa.

Washegari bayan Magariba muka je babban ɗakin cin abinci. Na ɗaura wani shuɗin leshi da na daɗe da ɓoyewa na ƙi sayarwa, na yafa sabon mayafi. Aka zaunar da mu a gefen taga, teburin da farin ƙyalle, cokula da wuƙaƙe jere kamar za a yi wa mutum tiyata. Mai hidimar teburinmu wani Basudane ne, dattijo mai furfura a gefen kai. Malam na jin harshensa ya washe baki, domin shi ma a Sudan ya yi ƙuruciyarsa, iyayensa sun yada zango a can a hanyarsu ta zuwa Hajji. Suka gaisa kamar 'yan gida ɗaya. Muka ce a kawo mana gasasshen naman rago da dankali.

"Abin sha fa?" in ji Basudanen. "Muna da jan ruwan inabi, irin wanda ake sha da nama."

Na ce, "A'uzu billahi, giya?"

Ya yi dariya ya ce ba a sayar da giya a jirgin nan. Wannan an cire masa abin da ke bugarwa, ɗanɗanon kawai aka bari. Ni dai na ce ruwa ya ishe ni. Sai Malam ya ce, "Kawo mu gani."

Na dube shi. Mutumin da duk zamana da shi ban san shi da wani abin sha ba sai shayi da zoɓon da nake dafawa.

Basudanen ya dawo da kwalabe uku da kofuna masu doguwar ƙafa. Ya ɗan tsiyaya na farko, ya nuna wa Malam yadda zai jujjuya kofin ya shinshina kafin ya kurɓa. Malam ya yi yadda aka ce, fuskarsa a ɗaure kamar mai gwajin tuƙi. Ya kurɓa ya ajiye.

"Wannan na jikokina ne, zaƙi ya yi yawa."

Na biyu ya ce ba shi da nauyi, kamar an tsinka shi da ruwa. Na ukun ja ne mai duhu, ya kusa zama baƙi. Ya shinshina ya daɗe, ya kurɓa, ya bar shi a baki, ya lumshe ido.

"Yauwa. Wannan. Ya kama harshe kamar goro."

Basudanen ya ce ai shi ne abokin naman rago, ya zuba mana mu biyu. Na kurɓa na yamutsa fuska, ɓauri ya ɗaure mini baki, ga wani ƙamshi kamar na itacen da ruwa ya jiƙa. Malam ya yi ta dariya har da dukan tebur. Da naman ya iso ya ce in ci loma ɗaya sannan in kora da shi. Na gwada. Wallahi sai na ji maiƙon ya wanke daga bakina, daɗin naman ya fito, na sake yankar wata loma. Muka ci, muka sha, fitilun wani gari na can nesa a bakin ruwa suna wucewa a hankali. Rabon da in ga Malam ya ci abinci haka har na manta.

Sai ya fara ba da labarin yadda suka ƙetaro tekun nan yana yaro, a wani ƙaramin jirgi mai warin kifi, mahaifiyarsa ta ɗaure shi a jikinta da zane don kar igiyar ruwa ta fizge shi. Na sha jin labarin, amma ban taɓa jin sa da cika irin ta wannan rana ba. Har kalar zanen ya faɗa. Na tallafe haɓa ina sauraro.

"Daga baya na yi aure a nan Jidda," in ji shi. "Matata 'yar Kano ce."

Na yi murmushi, na ɗauka tsokana ce. Na ce, "Allah, Malam?"

"Ƙwarai. Ba lallai ki san ta ba, baiwar Allah, amma in kina zuwa Bab Makka kin taɓa ganin ta."

Ya faɗi haka idonsa a kan tebur, yadda yake yi in yana magana da matan maƙwabta. Cokalin da ke hannuna na ajiye shi a hankali don kar ya yi ƙara. Na so in ce, Malam, ni ce fa. Bakina ya buɗe, amma na ga yadda fuskarsa take a sake, na kasa.

Ya ci gaba. Ya ce ranar da ya fara ganin ta tana tsaron rumfar gwaggonta, shi kuma ya taso daga aiki hannunsa duk baƙin mai, ya taɓa wani farin yadi, ta balbale shi da faɗa a gaban mutane. Ya ce washegari ya wanke hannu da sabulu har fatar ta yi fari, ya koma ya sayi yadin da ba ya buƙata. Haka ya yi ta komawa, har gwaggon ta ce masa in aure yake so ya turo manya, ya daina ƙarar mata da haja.

Duk wannan na sani. Abin da ya biyo baya ne ban taɓa ji ba.

"Mun taɓa rasa ɗa," ya ce. "Namiji, ya fara tafiya. Zazzaɓi ne. Mutane suna ta cewa na yi tawakkali, ba su san ni ne na karye ba. In na fita da sunan aiki sai in je bayan sito in zauna. Ita ce ta riƙe gidan. Ita ta haife shi, amma ita ke lallashi na. Tun daga lokacin in na dawo gida na jiyo muryarta daga bakin ƙofa, sai in ji ƙirjina ya sauka."

Na daure na ce, "Ka taɓa faɗa mata?"

Ya girgiza kai. "Mu ba a koya mana faɗin irin wannan ba. Kunya." Ya kurɓi abin shansa. "Amma ina jin ta sani."

Ban sani ba. Shekara talatin da ɗoriya muna kwana ɗaki ɗaya, na ɗauka shi ne dutsen da na jingina da shi a wancan lokacin.

Ya ɗaga hannu ya kira Basudanen, ya ce a kawo wani kofin, matarsa na nan tafe. Basudanen ya dube ni, ya dubi Malam, ya sake duba na. Na ɗan gyaɗa masa kai. Ya kawo kofin, ya gyara kujerar da ba kowa, har da shimfiɗa ƙyallen goge baki. Malam da kansa ya zuba, ya tura kofin gaban kujerar.

"Za ta ce ya yi ɓauri," ya ce yana murmushi, "sannan ta shanye."

Muka zauna. Ya riƙa waiwayen ƙofa. Duk macen da ta shigo sai ya miƙe wuya. Murmushin ya tafi, ya fara murza hularsa, ya ce ba ta saba daɗewa haka ba, kuma ba ta iya ruwa ba, kar a ce ta je bakin ƙarfen nan. Ya yunƙura zai tashi.

Na ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Na gan ta ɗazu, tana ɗaki. Ta ce in raka ka."

Ya yi ajiyar zuciya, ya yi mini godiya. A hanya bai yarda mun jera ba, ya bar tazara a tsakaninmu kamar yadda ya kamata da matar wani. Da muka isa ƙofa na ce ya ɗan jira in yi masa sallama da ita. Na shiga na rufe. Na cire leshin da mayafin na cusa a akwati, na zura tsohuwar doguwar rigata ta zaman gida, na ɗaura ɗankwali yadda nake ɗaurawa in zan shiga kicin. Na wanke fuska, hawayen suka ƙi tsayawa, na sake wankewa. Sannan na buɗe.

"Hajiya!" ya ce. "Ina kika shiga? Kin bar ni da wata mata ina ta zuba surutu."

"Me ka ce mata?"

"Ba komai. Hirar duniya." Ya shigo yana cire takalmi. "Na ajiye miki wani abin sha mai daɗi, kin ƙi zuwa."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Kaina ne ya ɗan sara."

Ya taɓa goshina da bayan hannunsa, ya ce in sha magani in kwanta.

Sauran kwanakin ban ƙara sa kayan da bai saba gani a jikina ba, kuma a ɗaki muka riƙa cin abinci. Da muka sauka 'yarmu na jiran mu da mota. Ta rungume babanta, ta tambaye ni da ido. Na ce komai lafiya lau. Sai bayan mako guda na iya ba ta labari, muna wanke-wanke, ta zauna a ƙasan kicin ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

Ban koma rumfa ba, na bar wa wata jikar gwaggona. Yanzu tsohuwar rigar ma ba kullum take aiki ba. Wata safiyar ya san ni, ya ce shayin ya yi sanyi, in ji kamar an yi mini kyauta. Mafi yawan ranaku kuwa ni ce matar kirkin da ke kawo masa abinci. Sau ɗaya na gwada gaya masa gaskiya, na riƙe hannunsa na ce ni ce matarka. Ya fizge hannun, ya tsorata, ya wuni bai ci komai ba. Ban sake ba.

In la'asar ta yi yakan zauna a kujera kusa da ƙofa ya tambaye ni ina Hajiya. Nakan ce ta je kasuwa, tana hanya. Sai ya ce Allah ya dawo da ita lafiya. In ce amin, in miƙa masa maganinsa da ruwa.