Kawu Mai Cire Aljani a Waya

A bakin 'yan ajinmu na fara jin sunan Mai Cire Aljani, ban san ƙanen mahaifiyata suke nufi ba. Kawu gyaran waya yake yi a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, tebur cike da matattun batura, ƙaramin sukudireba kullum a bayan kunnensa.

A shekarar ne jita-jita ta cika makarantu, wai akwai lambar da in ta kira ka ka ɗauka, jininka ya zama na matsafa. Yara suka riƙa yi masa layi don ya wanke musu waya. Sai ya buɗe bayanta, ya hure ƙura, ya ce, "Aljaninki ya fita, 'yata, saura na ƙin karatu." Wasa ya ɗauki abin. Bai taɓa zaunar da yaro ya ce masa ƙarya ne ba, har 'ya'yansa biyu.

Babban ɗansa, wanda muke kira Dogo, abin bai ba shi tsoro ba, sha'awa ya ba shi. A ganinsa, masu iya kisa ta waya za su iya azurta mutum ta waya. Ya shiga wani zaure a intanet inda ake alkawarin zoben arziki. Kawu ya ga saƙonnin ranar da yake canza masa gilashin waya, ya yi dariya ya ce, "In zoben ya iso ka ara mini, Alhaji." Ba a jima ba Dogo ya fita da jakar makaranta, bai dawo ba.

Ana cikin nemansa, wata baƙuwar lamba ta yi ta kiran ƙanwarsa. Ba ta ɗauka ba, ta cusa wayar ƙarƙashin katifa. Sai washegari da ta kai wa uban ya wanke mata ya ga saƙon da ta ƙi buɗewa: "Ni ne Yaya, don Allah ki ɗauka." Ya kira, a kashe. Har yau a kashe take.

Kawu bai yi wa yarinyar faɗa ba. Kansa yake tuhuma. Yana nan a shagon, amma wasa ya ƙare, kuma ko ƙarar wayar wa ya ji sai hannunsa ya tsaya.

Ranar da na sayi wayata ta farko na kai masa ya duba. Ya daɗe yana jujjuya ta kafin ya miƙo mini.

"'Yar yayata, alfarma ɗaya. Kowace lamba ta kira ki, ko ba ki san ta ba, ki ɗauka."