Ɗingishin Duna

Ni fa tun farko ban yarda da Sodangi ba, kuma ba ni kaɗai ba ne a garinmu Kaikai. Mutum ya haura saba'in, gemu fari fat, amma ba shi da aiki sai leƙa bakin karnuka! Mafarauci ne a da, har wani reshe ya tsone mashi ido ɗaya a daji. Da ya aje bindiga ya koma noman geronshi, sai mutane suka riƙa biyo shi gida da karnukansu. Mai kaska, mai ƙazuwa, mai zawo, ɗan kwikwiyon da tsutsa ta kumbura wa ciki, duk wajenshi ake kaiwa. Mata har daga Kusada suke aiko mashi da kyanwa a kwando in ta daina cin abinci tana majina. In ya ga kare na dalalar da miyau yana cizon iska, ba ya ko taɓa shi, cewa yake a kulle shi a kira ma'aikatan dabbobi daga Kankiya. Duk da haka akwai waɗanda ba su haɗa kwano da shi, ni ma ina cikinsu.

Abin da ya haɗa mu karena ne, Duna, mai gadin awakina. Ni Ɗalha, shekara talatin muna danga ɗaya da maƙwabcina Kabo. Akwai wata kafa a dangar, ta nan matanmu ke miƙa wa juna gishiri da garwashi, ta nan jikokinmu ke ratsawa. Ta nan kuma Duna ya ratsa ya cinye wa Kabo 'yan zabi bakwai. Kabo ya fito yana huci, ya ce, "Wallahi Ɗalha, wata rana sai na karya mashi ƙafa!"

Na riƙe maganar nan a ciki. Bayan Babbar Sallah da kwana goma sai ga Duna yana ɗingishi, ƙafar gaba ta dama ta kumbura suntum. To wa zan zarga? Ban tsaya tambaya ba, na kai ƙarar Kabo wajen mai unguwa, na ce so yake ya nakasa kare don a samu hanyar kwashe mani awaki. Ɓarawo na kira shi ke nan, a gaban mutane. Kabo ya rantse, na ce rantsuwar banza. Mai unguwa ya ce a kira Sodangi.

Raina ya ƙara ɓaci, don na san matar Kabo 'yar ƙanen Sodangi ce. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai an gama shari'a tun ba a fara ba."

Sodangi ya iso da hantsi, bai ko kalle ni ba. Ya yayyafa ruwa a kan rairayi, ya ce in ja Duna ya bi ta kai. Ya tsuguna yana duban sawun da idonshi ɗaya, ya daɗe, ni kuwa ina cewa a raina duk wasan kwaikwayo ne.

"Ƙafar da aka karya da sanda ba ta taɓa ƙasa," in ji shi. "Wannan yana takawa, janta yake."

Ya ɗaure wa Duna baki da tsumma, ya buɗa tsakanin yatsun ko akwai ƙayar aduwa, babu. Ya bi ƙashin yana latsawa tun daga ƙasa, Duna bai ko motsa ba. Sai da hannunshi ya kai hamata karen ya zabura yana kuka. Sodangi ya sunsuna yatsunshi, ya ɗago.

"Kumburin nan bai ɗaya ne daga sama har ƙasa, kamar an ɗaure bakin buhu. Ɗalha, me ka ɗaura mashi?"

Na ce, "Ni? Ba komai, Baba."

Ƙarya nake. Ranar da Kabo ya yi waccan magana, washegarin Sallah, na je wajen wani malami na karɓo wa Duna layar tsari daga sanda da ƙarfe. Ban rataya ta a wuya ba don kada Kabo ya gani ya tsinke. Na yanki ɗanyar fatar ragon layya, na ɗaure ta can sama a hamata inda gashi zai rufe. Ni da na tashi cikin dabbobi, wai na manta ɗanyar fata in ta bushe tsukewa take!

Sodangi ya zaro aska, ya lallaba ya datse. Fatar ta nutse cikin nama, har ta fara ruwa. Layar ta faɗo gaban mai unguwa, gaban Kabo, gaban kowa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Sodangi bai yi mani dariya ba, bai kuma yi mani wa'azi ba. Ya wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi, ya ce a hana ƙuda sauka, in ya kwana uku kumburin bai saɓe ba a kai shi Kankiya a yi mashi allura. Ya wanke hannunshi da ƙasa da sabulu. Da na miƙa mashi hannu, sai ya ce, "Ba ni za ka ba hannu ba."

Na juya wajen Kabo na ce ya yafe mani. Ya ce, "Ya wuce, Allah Ya yafe mana," ya kaɗe rigarshi ya tafi.

Duna ya warke cikin mako biyu, ko alamar ɗingishi babu. Sodangi yana nan yana leƙa bakin karnuka, yanzu in na gan shi ni ke fara gaishe shi. Amma washegarin ranar shari'ar, da matata ta ɗauki kasko za ta ɗebo wuta, sai ta tarar Kabo ya toshe kafar nan da sabon kara, ya ɗaure tamau. Damina biyu ke nan, kullum da safe sai na duba, bai kwance ba.