Ranar da Rami Ya Rufta wa Maigidana da Kwanon Dambu a Hannu

Ko da tsufa zai sa in riƙa rikita sunayen jikokina, abin da ya faru a bakin ramin kamfani ba zai fita daga raina ba. A shekarar nan ce da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, bayan an karɓe mana fam da sule an ba mu naira, ina goyon ɗana na biyu. Rumbuna suka bushe, har ɓeraye suka yi ƙaura.

Ana cikin haka wani kamfani ya sauka gabas da ƙauyenmu, ta wajen Makoda, yana haƙa dogon rami da za a binne bututan ruwa. Maigidana ya samu aikin lebura, Babana kuma, da yake ya manyanta, aka ba shi gadin kayan aiki. Ni aka ɗauke ni dafa abincin rana. Kada ku tambaye ni kulle, yunwa ce ta buɗe ƙofa. Kuma ba yabon kai ba, daga nan har Tsanyawa babu macen da ta kamo ni a dambu.

Heluma, wato shugaban leburori, baƙo ne daga kudu. Hausarsa a karkace take, amma idonsa ba ya kuskure. Ba ka shiga rami sai da hular kwano. Bangon rami sai an tokare shi da katako. Ya kafa rumfa, ya ajiye randuna. Babbar dokarsa kuwa, da ya busa usur ɗin hutu kowa ya fito ya ci abinci a rumfa, wanda aka kama a ƙasa ya bar aiki. Kullum yana cewa, "Wannan ƙasa yashi ne, ba ta sallama kafin ta faɗi."

To, ga inda matsalar take. A rumfar nan Babana yake cin abinci, maigidana kuwa ko yanka shi za a yi ba zai kai loma baki a gaban surukinsa ba. Sai ya karɓi kwanonsa, ya ɗauki buta kamar mai zagayawa, ya sulale can ƙarshen rami inda ba a kai ga sa katako ba. Na yi magana har na gaji. Ya ce, "Ke dai zuba mini. So kike Baba ya ga ina tauna?"

Ran nan rana ta take, mutane sun duƙufa a kan dambun zogale, sai direban katafila ya tashe ta zai kai ta inuwa. Ƙasa ta girgiza, muka ji rugugi daga ƙarshen rami. Ban san lokacin da na jefar da ludayi ba. Ni da ban taɓa kama sunan maigidana ba tun ranar da aka kai ni, na kwarma shi har sai da na bayan gari suka ji.

Maza suka ruga, Heluma ya tare su da hannu biyu. "Ku ja baya! Kuna so ku ƙara masa ƙasa?" Ya sa aka jera katako, aka ɗaura wa 'yan kaɗan igiya a ƙugu, ya ce ba diga ba shebur, da hannu za a tona. Babana ya tuɓe rigarsa ya ce sai ya shiga. Babu wanda ya iya hana shi.

Daga inda aka riƙe ni na hango maigidana. Ƙasa ta binne shi har ƙirji, wani ƙaton hoge ya loɓa masa hular kwano, amma hannuwansa biyu suna sama, riƙe da kwano. Baba yana tonawa yana cewa, "Sannu Malam, yi numfashi." Shi kuwa baki cike da dambu, ya kasa taunawa, ya kasa haɗiyewa, sai ido. Wani lebura ya leƙa ya ce, "A fara ceto dambun, shi ne ba a samu a gari!"

Da aka fito da shi lafiya, dariya ta tsaya, don Heluma ya ce ya ajiye hula ya tafi gida. A shekarar nan, kora daidai take da a ce mu kwana da yunwa har wata damina. Heluma ya tambaye shi me ya kai shi can, maigidana ya sunkuyar da kai. Baba ma ya kau da fuska. Sai na gyara goyona na matsa.

"Ranka ya daɗe, ba taurin kai ba ne. Wancan tsohon ubana ne. A nan, mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Kai ka haɗa su rumfa ɗaya."

Heluma ya riƙe haɓa. "Saboda wannan? A garinmu surukina ne yake cinye naman kwanona!" Ya juya wurin leburori ya ce, "Wa kuma yake da suruki a nan?" Hannuwa suka fara tashi a hankali. Ashe akwai waɗanda tun fara aiki da yunwa suke komawa rami, ga rana, ga diga.

Washegari aka kawo zana aka raba rumfa biyu, tsofaffi gabas, samari yamma. Maigidana ya koma aikinsa, ni kuma aka ƙara mini dawa, don ci ya ƙaru.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, amma ba a biyan ta da rai. Mai kafa doka kuma ya tambayi mutane abin da ke hana su bi, don wani ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba. Baba ya rasu, maigidana ma ya cika a kan gadonsa da furfurarsa, Heluma ban san inda ya ƙare ba. Cikin duk waɗanda suka ci dambuna a rumfar nan, saura direban katafila, ya makance yana nan Dawakin Tofa wurin 'yarsa, sai ni da nake ba ku labari.