Hannun Inna a Hoton Bature

Ranar wata Talata ce da la'asar, a kakar shekarar da titin jirgin ƙasa ya iso Gusau, aka tara mu a gindin tsamiyar ƙofar gidan mai gari a ƙauyenmu da ke kusa da Bungudu. Shekaruna ba su fi tara ba, in ban yi kuskure ba. Wani Bature mai sayen auduga ne ya zo da wani mutumin Ikko ɗauke da akwati mai ƙafa uku, yana son hoton manoma da audugarsu. Mai hoton ya yi mana bayani da gurguwar Hausa cewa zai cire murfin idon akwatin ya ƙirga ashirin, kuma duk wanda ya motsa kafin ya mayar da murfin, to ya ɓata aikin. Mai gari ya ɗora da cewa gidan da ya ɓata, shi zai ba da namiji a aikin titin jirgi. Namiji babba ɗaya ne a gidanmu, wato Baba, ga dawarmu ta nuna tana jiran yanka.

Kakata, wadda muke kira Inna, da mazarinta aka fito da ita. Ban taɓa ganin hannunta a sake ba. Mu yara mu ke gurje mata auduga da safe kafin mu kora awaki, ita ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsu, ta kama kaɗi har rana ta faɗi. Zarenta ake kai wa masaƙi, da shi aka yi ɗan bantena da rigar Baba ta zuwa Juma'a. Baturen ya sa aka zaunar da ita a gaba, aka ce ta ajiye mazarin ta riƙe kwandon auduga kamar mai miƙa masa. Inna ta ture kwandon da ƙafa.

"Audugata ba ta zuwa ko'ina," in ji ta. "Kuma ni a sallah kaɗai nake tsayawa cik."

Baba ya durƙusa yana raɗa mata, "Inna, don Allah, ƙirga ashirin ne fa."

"To su ƙirga, ɗan nan. Na riƙe musu baki ne?"

Mai hoton ya fito daga cikin baƙin zanen da ya lulluɓa da shi a bayan akwatin, ya cire murfin, ya fara ƙirga. Kowa ya sandare. Ƙuda ya sauka a leɓena ban kore shi ba, don tsoro. A cikin wannan shirun babu abin da ake ji sai kukan mazarin Inna, tana murzawa, tana ɗaga hannu sama da zaren, tana saukewa.

Kwana biyu bayan haka aka zo aka tafi da Baba. Ba zan ce ban ji haushin Inna ba, na ji, kuma har yau ina jin nauyin in ce ta yi daidai kai tsaye, tun da ba ita ta ɗauki ƙarfen titin jirgi a kafaɗa ba. Amma ita ce ta ɗaure ɗamara ta shiga gona da mu, da wuƙa a hannu. Muka yanke dawa, muka ɗaura dammuna, muka cika rumbu kafin Baba ya dawo bayan kusan wata guda, a rame, kafaɗarsa duk kanta.

Baba ya dawo da hoton a cikin burgamensa. Baturen ya ƙi karɓa, mai hoton kuma ya gane Baba a Gusau ya ba shi. Mu duka mun fito kamar turaku, ido a zazzare. Fuskar Inna ta fito sarai, amma hannunta na dama ya zama wani farin hayaƙi mai faɗi kamar fiffike, daga gwiwarta har saman kanta. Duk hawa da saukar da hannun ya yi a cikin ƙirga ashirin, suna nan a wuri ɗaya. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ita kaɗai ce mai rai a cikinmu."

Yanzu ana ɗaukar hoto kafin ƙiftawar ido, ba ya kama komai sai tsayuwa. Na yi karatu har jami'a, an ɗauke ni sau da dama da takardun shaida a hannu, kuma duk inda aka ce in tsaya, na tsaya. Wataƙila shi ya sa ba nawa nake ciro wa jikokina ba. Na Inna nake nuna musu.