Awon da Ke Kan Kawu Tela

Shekara arba'in Kawuna yana ɗinki, bai taɓa rubuta awon kowa ba. "Takarda ta masu ƙaramin kai ce," in ji shi. Da mantuwa ta kama shi, 'yarsa ta sa masa manhajar rubutu a waya, amma hannunsa na rawa, ba ya iya danna haruffa. Masu manhajar suka yi alkawarin nan gaba mutum zai yi magana, ita ta rubuta.

Kullum sai ya tambayi 'yar tasa, "Uwata, sun koya mata ji?"

Sai bayan wata tara suka cika alkawari. Ya gyara murya kamar mai karanta labarai.

"Kafaɗa sha takwas, hannu ashirin da uku."

"Na wa ne, Baba?" in ji 'yarsa.

Ya daɗe yana kallon keken ɗinkinsa, wayar tana ta jira.